Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Masu Kiwon Zuma a Zariya, Daga Kaka Zuwa Damina

Mutum ɗaya yana iya fara kiwon zuma da amya biyu ko uku a gefen gona, amma da wuya ya ɗore shi kaɗai, domin kayan aikin suna da tsada ga mai farawa, buɗe amya yana bukatar mai riƙe hayaƙi da mai ɗaga saƙa, sannan yawancin ilimin abin a ido ake ɗaukarsa. Shi ya sa masu sha'awar wannan kiwo, malamin makaranta ne ko ɗalibi ko manomi ko ma'aikacin da ya yi ritaya, suke cin riba idan suka haɗu a ƙungiya guda. Sai dai irin waɗannan ƙungiyoyi sukan mutu da wuri idan aikinsu ya tsaya a zama kan benci ana karanta ajanda. Abin da ke riƙe su shi ne a tsara ayyukan shekara bisa halin ƙudan zuma da furen itatuwan da ke kewaye da mu, a kuma rubuta duk abin da aka gani a littafi ɗaya wanda kowane mamba zai iya buɗewa.

Su wa za a tara

Mutum 10 zuwa 20 sun isa a farko. Idan aka wuce haka, ranar da aka je wurin kiwo rabin jama'a za su tsaya daga nesa suna kallo, kuma wanda bai taɓa ɗaga saƙa da hannunsa ba ba zai daɗe yana biyan kuɗin wata ba. Cikin waɗanda za a fara nema, a sa dattijo ɗaya ko biyu daga masu amyar gargajiya. A ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, ta wajen Giwa da Soba da Maƙarfi, har yanzu ana ganin amyoyin ciyawa da aka shafe da kashin shanu a ɗaure a rassan ɗorawa da kaɗanya, kuma masu su sun san watan da zuma ke shiga da hanyar da take bi fiye da yadda takarda za ta faɗa. A je wa irin wannan dattijo har gida, a gaishe shi, a ce masa, “Baba, mun zo neman ilimi ne a wurinka,” a ba shi matsayin uban ƙungiya. A ganina wannan ziyara ta fi sayen kowane kaya muhimmanci a shekarar farko.

Muƙamai kada su yi yawa. Shugaba, magatakarda da ma'aji sun wadatar, sai a ƙara mutum ɗaya mai kula da kayan aiki, wanda zai san wa ya ari riga, wa ya ari gwangwanin hayaƙi, da ranar da za a dawo da su, domin a nan ne ƙananan rigingimu suke farawa. Kuɗin wata ya zama daidai ƙarfin ɗalibi, a riƙa zuba shi a asusun banki da ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu. Rajista da ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jihar Kaduna ko da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, tana iya jira sai ƙungiya ta ga girbinta na farko, amma sanar da mai unguwa ko dagacin wurin da za a ajiye amyoyi wajibi ne tun kafin a kai ko da guda ɗaya.

Mutanen Zariya suna da gata ta fuskar masana. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, haka ma cibiyar NAERLS mai yaɗa dabarun noma ga manoma. Magatakarda ya rubuta takarda a hukumance yana neman wanda zai zo ya yi wa ƙungiya bayani kan ƙwari ko kan magungunan feshi, ko da sau ɗaya a shekara.

Amya da wurin ajiye ta

Ga sabuwar ƙungiya, na fi ba da shawarar amya mai sanduna, wadda aka fi sani da amyar Kenya. Dogon akwati ne mai faɗin baki da tsukakken gindi, ana jera sanduna a samansa, ƙudan kuma su rataya saƙa ɗaya a ƙarƙashin kowace sanda, ta yadda za a iya ɗaga falle guda a duba a mayar ba tare da an rushe gidan ba. Sirrin aikinta yana ga faɗin sandar. Ga ƙudan zumar Afirka irin namu, santimita 3.2 ne ake so. Idan kafinta ya ƙara ko ya rage, ƙudan za su gina saƙa a gicciye ta haɗe sanduna uku ko huɗu, amyar ta koma ba a iya buɗe ta sai da yanka. Dalilin haka shi ne ƙudan zuma suna barin rata ta milimita 6 zuwa 9 tsakanin saƙa da saƙa domin wucewarsu; abin da bai kai haka ba su toshe shi da ƙaro, abin da ya wuce su cike shi da gini. Lorenzo Langstroth na Amurka ne ya gina amyarsa mai firam, wato katakai masu kusurwa huɗu da ke riƙe saƙa, a kan wannan ma'auni a 1851, kuma irin tasa tana ba da zuma mai yawa, sai dai tana bukatar injin tatsa da aikin katako mai tsananin daidaito, don haka a bar ta sai ƙungiya ta yi ƙwari.

Kafintocin Sabon Gari ko Tudun Wada za su iya yin amya mai sanduna idan aka kai musu samfuri, amma a tura mamba ɗaya da abin awo ya gwada kowace sanda kafin a biya cikon kuɗi. A nace a kan busasshen katako, domin ɗanye yana tsagewa ya karkace da zarar iskar hunturu ta buso, kuma ta wannan tsaga ce tururuwa da asu suke shiga. Kada a shafa fenti a ciki.

Wurin kiwo na ƙungiya ya yi nesa da gidaje, makaranta, burtali da hanyar masu zuwa rafi, aƙalla mita 200 a nawa ra'ayin, saboda ƙudanmu suna da zafin kare gidansu. A nemi inuwa mai sauƙi, kamar gonar mangwaro ko gefen dashen itatuwan turare, da ruwa a kusa. Ƙudan suna tafiya kilomita 2 zuwa 3 neman fure, saboda haka abin da ke kewaye da wurin ma abin dubawa ne. Abu biyu na yankinmu a kiyaye su. Na farko shi ne fadamun noman rani na bakin kogin Galma da Kubanni, inda ake yawan feshin tumatir da barkono. Amya kusa da su tana cikin haɗari sai in an fahimci juna da masu lambun. Na biyu shi ne wuraren da ake matse rake ana dafa mazarƙwaila, domin ƙamshin yana jan ƙudan su faɗa cikin ruwan rake su mutu da yawa, masu aikin kuma su sha harbi su zo da ƙorafi. A duba halin tsaron wurin, a kuma yi yarjejeniya a rubuce da mai gonar, gaban shaidu, kan kason zumar da zai riƙa samu.

Ana ɗora amya a kan ƙafafun ƙarfe ko na katako daidai ƙugu, a sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai don hana kwarkwasa da cinnaku hawa. Kowace amya a rubuta mata lamba babba da za a iya karantawa daga nesa.

Kaka: lokacin ɗana amya

Shekarar ƙungiya tana farawa ne daga ƙarshen damina. Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, ciyayi da wake da riɗi suna cikin fure, ƙudan zuma kuma galibi suna rabuwa suna neman sabon gida. Duk amyar da ba a ɗana ba a wannan tsakani tana iya zama wofi na tsawon watanni. Don haka fitar farko ta shekara ta zama ta wanke amyoyi, a goge cikinsu, a narka kaki a zizara siririn layi a tsakiyar kowace sanda domin ya nuna wa ƙudan inda za su fara gini, a goga sauran kakin a bango da bakin ƙofa. A nan ne dattawan ƙungiya za su nuna yadda suke turara amya, kuma ya kamata matasa su zuba ido sosai.

Bayan haka a raba mambobi gida-gida, mutum biyu ko uku, kowane rukuni da makonsa na leƙa wurin. Aikinsu a wannan lokaci kallo ne daga waje. Su tsaya a gefe, ba a gaban ƙofa ba, su ga ko ƙudan na shiga da fita, su kuma lura ko masu dawowa suna ɗauke da ƙullin garin fure a ƙafafunsu na baya, rawaya ko ja-ja, domin wannan alama ce cewa akwai 'ya'ya a ciki, sarauniya kuma tana aiki. Ranar da aka ga zuma ta shiga, a rubuta lambar amyar da kwanan wata, sannan a ƙyale ta makonni uku zuwa huɗu ba a buɗe ba. Sabuwar zuma da aka dama da buɗe-buɗe tashi take yi.

Littafin da ake rubuta wannan shi ne dukiyar ƙungiya ta gaske. Kowace fita a rubuta wa ya zo, wace amya aka duba, me aka gani, da kuma wane itace ne ke fure a ranar. Bayan shekara biyu ko uku, ƙungiya za ta sami jadawalin furen yankinta na kanta, wanda zai gaya mata makon da ya kamata ta shirya bokitai, abin da babu littafin da aka rubuta a wata ƙasa da zai iya ba ta.

Hunturu: fure, ruwa da wuta

Daga Disamba zuwa Fabrairu manyan itatuwan ƙasarmu ke ciyar da zuma. Rimi, wanda birnin Zariya ya yi suna da shi, yana fure a tsakiyar hunturu, mangwaro da kashu da kaɗanya suna bi, ɗorawa ta sako jajayen tutunta, darbejiya kuma ta ɗora zuwa farkon bazara. Wannan ne lokacin koyar da sababbin mambobi buɗe amya, saboda ƙudan da ke samun abinci sun fi sauƙin kai.

A sa fitar da yamma, bayan la'asar sakaliya, ko da sassafe idan sanyi bai yi yawa ba. Kowa ya sa riga mai haske da hular raga da safar hannu, ya cusa ƙafar wando cikin takalmin roba. Baƙaƙen kaya da turare suna tsokano harbi, shi ya sa yammacin Juma'a, bayan an sha ƙamshi an je masallaci, bai dace da wannan aiki ba. A cika gwangwanin hayaƙi da busasshen kashin shanu ko totuwar masara ko tsumman buhun algarara, kada a kuskura a sa leda ko roba. Ana fara busa hayaƙi kaɗan a ƙofa, a jira kamar minti biyu, sannan a ɗaga murfi a fara ɗaga sanduna daga ɓangaren da babu gini, a hankali, ba tare da bugu ba. Saƙar amyar Kenya a tsaye ake riƙe ta kullum. Wanda ya kwantar da sandar kamar faranti zai ga saƙa ta karye ta faɗi a ƙafarsa da ƙudan da zumar gaba ɗaya. A nuna wa mai koyo bambancin ɗakunan 'ya'ya masu murfi ruwan ƙasa da na zuma masu farin murfin kaki, a kuma bar shi ya mayar da sandar da kansa.

Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi, kuma dole ƙungiya ta yi wa harbin tanadi. Idan an harbi mutum, a kankare tsinin da farce nan take, a busa hayaƙi a wurin domin warin harbin yana kiran sauran. Kumburi da zafi a wurin harbi ba abin tsoro ba ne. Amma idan mutum ya fara jin numfashi na sarƙe masa, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko jiri ya kama shi, ko ƙuraje suka feso masa a duk jiki, wannan ba na jiƙo ba ne. A garzaya da shi asibiti mafi kusa ba tare da jira ba. Saboda haka kada a yi fita sai da abin hawa a tsaye, kuma a tambayi kowane sabon mamba tun ranar shigarsa ko harbi ya taɓa yi masa haka.

Ayyuka biyu na gayya suna cikin wannan lokaci. Ɗaya shi ne share ciyawa a kewaye wurin kiwo, a bar fili mai faɗi tun kafin mafarauta da masu share gona su fara cinna wa daji wuta. Ɗayan shi ne ruwa: a ajiye kasko ko rabin jarka a inuwa, a zuba tsakuwa ko karan dawa a ciki don ƙudan su sami wurin sauka, a kuma tabbatar bai taɓa bushewa ba har ƙarshen bazara. Ƙudan da suka rasa ruwa a gida rijiyar maƙwabta suke komawa, daga nan kuma sai ƙara gaban mai unguwa.

Bazara: ɗiban zuma da rabo

Babban girbi a yankinmu yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Mayu, kafin ruwa ya zauna, wasu shekarun kuma a sami ɗan ƙarami a ƙarshen kaka. Tun da azumi da salla suna zagayawa, a duba kalandar Musulunci tun farkon shekara a ga ko girbi zai haɗu da Ramadan, domin aiki cikin rigar kiwo a zafin Afrilu da ƙishirwa yana da wuya. Idan ya haɗu, a mayar da fitar bayan shan ruwa. Masu aikin dare su rufe fitilar hannu da jan kyalle, saboda ƙudan zuma ba sa ganin jan haske sosai.

Ƙa'idar ɗiba ɗaya ce, kuma shugaba ya tsaya a kanta ko da mambobi sun ƙosa: ba a yankar saƙa sai an ga ƙudan sun liƙe aƙalla kashi uku cikin huɗu na ɗakunanta da kaki. Zumar da ba a liƙe ba ruwa ya yi mata yawa, kuma idan ruwan ya haura kashi 20 cikin 100 tana tsami ta yi kumfa a kwalba. Ba a taɓa saƙar da ke da 'ya'ya, ba a kuma kwashe komai. A bar musu falle biyu ko uku na zuma su ci a damina. Ana goge ƙudan da gashin kaza ko ganye mai laushi, a yanke saƙar cikin bokitin roba mai murfi, a bar ɗan yatsa guda na kaki a jikin sandar domin su ɗora sabon gini a kai. A auna abin da kowace amya ta bayar a rubuta.

Tacewa a cikin ɗaki rufaffe ake yi, da tsabtatattun hannuwa da busassun kwanuka. A farfasa saƙar, a zuba a kyallen tata mai tsabta, a bar ta ta tsiyaye da kanta, sannan a rufe ta kwana biyu ko uku kumfa da ɓurɓushin kaki su taso a kwashe. Ɗora zuma a wuta don ta yi saurin narkewa yana ɓata ƙamshinta da launinta. Wannan mataki, da sarrafa kaki, su ne inda matan da ba sa fita wurin kiwo za su shiga ƙungiya da cikakken haƙƙi. Kakin da mutane da yawa ke zubarwa kuɗi ne: a narka shi cikin ruwan zafi a tukunyar alminiyom, domin ta baƙin ƙarfe tana baƙanta shi, a tace da buhu, a bar shi ya daskare. Yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, kuma yana kama wuta idan aka ɗora shi kai tsaye babu ruwa. Da shi ake man shafawa da kyandir, dukawa suna saye don goga wa zare, sannan a ware na ɗana amyoyin baɗi kafin a sayar da ko ɗaya.

Rabo shi ne wurin da zumunci ke ƙarfafa ko ya lalace, don haka a amince da tsarinsa tun a kaka, lokacin da babu zuma a gaban kowa. Tsarin da na ga ya fi adalci shi ne a fara fitar da kason mai gona, a ware wani kaso a sayar a zuba a asusu don gyara da sayen kaya, sauran kuma a raba bisa yawan fitar da littafi ya nuna kowa ya yi. Idan ƙungiya ta kai ga zuba zuma a kwalba da suna don kai wa shaguna, to sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Taron shekara

A yi babban taro kafin mutane su duƙufa a gona. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma ta duniya, an fara bikinta a 2018, kuma ranar ta zo daidai da ƙarshen girbinmu. Ma'aji ya karanta lissafi a fili, magatakarda ya karanta abin da kowace amya ta yi, a yi zaɓe idan wa'adi ya cika. Bayan haka a buɗe ƙofa ga jama'a. A jera zumar mambobi a ƙananan kwalabe masu lamba ba suna, a ɗanɗana, a zaɓi wadda ta fi tsabta da ƙamshi. A gayyaci masu lambu da masu feshi musamman, a roƙe su su riƙa feshi da yamma lis bayan ƙudan sun koma gida, su guji fesa shukar da ke cikin fure, su kuma sanar da ƙungiya kwana guda kafin babban feshi.

Akwai abu biyu da ya kamata jama'a su ji a wannan rana. Zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki ba lallai jabu ba ce, halin zuma ne na asali, kuma gwajin ashana ko ɗiga ta a ruwa da ake yi a kasuwa ba ya raba ta gaskiya da ta sukari. Sanin wanda ya ɗebo ta ya fi. Sannan likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasawa ce, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Masu kiwon zuma ne suka fi cancanta su isar da wannan ga iyaye mata.

Damina

Daga Yuni zuwa Agusta aiki a wurin kiwo yana raguwa, amma haɗari yana ƙaruwa. Ruwan sama yana wanke fure yana tsare ƙudan a gida, abinci ya yi ƙaranci, amyar da aka kwashe ƙaf a bazara kuma a wannan lokaci take tashi. A duba murfi kada ya yi yoyo, a sare ciyawar da ta taɓa jikin amya domin gada ce ga tururuwa, a sabunta man gwangwanaye, a kakkaɓe gara daga ƙafafun katako. Amyar da aka ɗaga aka ji ta yi sakayau, a ba ta ruwan sukari, awo ɗaya na sukari da awo ɗaya na ruwa, a cikin amyar da yamma don kada na maƙwabta su kawo hari, a kuma daina da zarar fure ya dawo domin kada sukari ya shiga zumar sayarwa.

Zaman wata-wata na damina ya zama na karatu da gyaran kaya da ɗinkin hulunan raga, a kuma sa rana ɗaya a Yuli ko Agusta ta dashen mangwaro, kashu, zogale da ɗorawa a gefen wurin kiwo, da izinin mai gona. Duk amyar da ƙudanta suka tashi, kada a bar tsohuwar saƙa a ciki ko na mako guda, domin tsutsar asu za ta cinye ta, ta cika akwatin da yana, har ta ƙwaƙule katakon. A kwashe saƙar a narka, a kankare bango da sanduna, a babbaka cikin akwatin sama-sama da harshen wuta, sannan a ajiye shi a busasshen wuri a buɗe yadda iska da haske za su riƙa shiga.